Sikelin da ba ya canza magana ma yana iya tauye ka

Idan mai saye ya yi shakkar sikeli a kasuwa, abin da mai kaya ke yi kusan ɗaya ne ko'ina: ya sauke buhu, ya sake ɗorawa, ya ce "to, ga shi nan, bai canza ba." A yi na uku, lambar dai ita ce. Daga nan hankalin mai saye ya kwanta, ya ƙirgo kuɗi. Alhali gwajin da aka yi masa ko kusa da tambayarsa bai je ba. Shi abin da yake son sani shi ne ko kilo 50 ɗin da allo ya nuna kilo 50 ne na gaskiya. Abin da aka tabbatar masa kuwa shi ne sikelin yana maimaita abin da ya faɗa.

Waɗannan abubuwa biyu ne, kuma masana awo sun daɗe da raba su. Na farko shi ne sahihanci, wato kusancin abin da ma'auni ya nuna da ainihin nauyi ko tsawo ko zafin abin da ake aunawa. Na biyu shi ne maimaituwa, wato kusancin karatu da junansu idan aka auna abu guda sau da yawa. Mudun da aka bugi gindinsa ya lotsa ciki yana da maimaituwa iya maimaituwa: awo ɗari za ka yi da shi, kowanne daidai yake da ɗan'uwansa, kuma kowanne tauyayye ne.

Da lambobi abin ya fi fitowa fili. A ɗauko dutsen awo na kilo 10 wanda aka tantance, a ɗora shi sau biyar a kan sikeli biyu. Na farko ya nuna 10.20, 10.21, 10.20, 10.19, 10.20. Na biyu ya nuna 9.85, 10.15, 9.90, 10.10, 10.00. Duk wanda ya tsaya yana kallo, bai san nauyin dutsen ba, zai ce na farko ne na ƙwarai, na biyu a kai shi gyara. Tsakanin babban karatun na farko da ƙaraminsa giram 20 ne kacal, na biyu kuwa giram 300. Amma a haɗa karatun kowanne a raba biyar: matsakaicin na farko 10.20, na biyu 10.00. Sikelin da ya fi natsuwa shi ne ke ƙara giram 200 a kan kilo 10, kashi 2 cikin 100 ke nan. Idan ƙarin yana girma ne da girman kaya, to kilo 2 ne a buhun kilo 100, kilo 600 a lodin tan 30. Kuma kullum gefe ɗaya yake cuta. In da shi ake sayarwa, mai saye ne ke asara. In da shi ake saye daga manoma, ɗan kasuwar ne ke biyan kuɗin kayan da bai karɓa ba.

Kuskuren sikeli na biyu shi ake kira warwatsuwa. Yau sama, anjima ƙasa, babu wanda zai iya cewa ga inda karatu na gaba zai faɗa. Na sikeli na farko kuma karkata ne, kullum gefe guda, kullum kusan adadi guda. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne duk maganar take.

Warwatsuwa tana jin maimaici. Tunda kuskuren yana faɗawa sama da ƙasa, idan aka yawaita awo aka ɗauki matsakaici, wani yana cinye wani. Akwai lissafin da ake auna ta da shi: a cire matsakaici daga kowane karatu, a ninka kowane bambanci da kansa, a haɗa, a raba da yawan karatu ban da ɗaya, sannan a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamako. A sikeli na biyu, bambance-bambancen su ne 0.15, 0.15, 0.10, 0.10 da sifili. Ninkinsu ya haɗu ya ba da 0.065, a raba huɗu a samu 0.01625; amsar ƙarshe ita ce kusan kilo 0.13. A sikeli na farko lissafin yana ba da kusan giram 7. Sai dai ribar maimaici tana da tsada. Awo 4 ne ke rage shakkar matsakaici zuwa rabi, awo 9 zuwa sulusi, sai an yi awo 100 kafin ta koma kashi ɗaya cikin goma. Shi ya sa ma matsakaicin 10.00 da sikeli na biyu ya bayar bai wanke shi sarai ba. Da karatu biyar kawai, shakkar wannan matsakaici ta kai kimanin giram 60, don haka ƙaramar karkata tana iya ɓuya a ciki.

Karkata ita ko a jikinta. A ɗora dutsen nan sau dubu a kan sikeli na farko, matsakaicin 10.20 zai kasance, sai ma ƙarin sakankancewa da mai awo zai samu a kan lambar da ba daidai ba. Babu wata dabarar lissafi da za ta fito da karkata daga cikin karatun ma'aunin da ke da ita. Dole a kawo wani abu daga waje wanda aka riga aka san ƙimarsa, ko a auna ta wata hanya da ba ta dogara da ta farko ba.

Duk da haka, in za a ba wa mai sana'a zaɓi, sikeli na farko ya fi sauƙin zama da shi, muddin an gano laifinsa. Ana saita shi ya dawo daidai, ko a rubuta a jikinsa cewa a riƙa cire kashi 2 cikin 100. Na biyu kuwa sai an binciko abin da ke girgiza shi: ƙafar da ba ta zauna ba, waya mai lilo, batir da ya yi sanyi, fanka da ke busa faranti. Ma'aunin da ba shi da maimaituwa ba ya ma saituwa, domin ba ka san wanne cikin karatunsa za ka gyara ba. Wannan ne ya sa ƙa'idar ISO 5725 ta 1994, ta hukumar tsara ƙa'idojin inganci ta duniya, ta ɗauki cewa awo bai cika sahihi ba sai ya haɗa biyun: matsakaicinsa na kusa da gaskiya, karatunsa kuma na kusa da juna.

Akwai abu na uku da ke rikita mutane, shi ne yawan lambobin da ke kan allo. Sikelin da ke nuna 10.205 yana kama da ya fi wanda ke nuna 10.2 gaskiya. Lambobin bayan ɗigo suna faɗa maka ƙanƙantar matakin da na'urar ke iya nunawa ne kawai, ba su ce komai ba game da ko tana daidai. Ta ɗaya gefen kuma, sikelin da ke tsalle giram hamsin-hamsin zai ba ka karatu biyar iri ɗaya sak, don warwatsuwarsa ta ɓuya a ƙarƙashin matakin. Wasu ƙananan sikelin awon nauyin jiki ma an ƙera su suna riƙe karatun baya, idan ka sake hawa nan take su maimaita maka shi. Mai son gwada irinsu sai ya sa wani nauyi daban a tsakani, kamar ya hau riƙe da jarkar ruwa, sannan ya sake hawa shi kaɗai.

Kada a ɗauka wannan tarko na ƴan kasuwa ne kawai. Manyan masana kimiyya sun faɗa cikinsa da kuɗi masu ɗimbin yawa. A watan Afrilun 1990 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba na'urar hangen nesa ta Hubble. Babban madubinta mai faɗin mita 2.4, wanda kamfanin Perkin-Elmer ya goge, yana cikin mafi santsin madubin da aka taɓa yi a lokacin. Cikin makonni kaɗan aka ga hotuna suna zuwa dishi-dishi. Bakin madubin ya fi yadda aka tsara shimfiɗewa da kimanin maikiromita 2.2, kwatankwacin kashi ɗaya cikin 50 na kaurin silin gashi.

Yadda aka yi hakan ta faru shi ne abin lura. Masu gogewa ba sa iya ganin siffar madubi da ido, sai ta wata na'urar gwaji mai ƙananan madubai biyu da gilashin tattara haske guda. Wajen harhaɗa wannan na'ura, an yi amfani da sandar ƙarfe mai sanannen tsawo don a zaunar da gilashin a gurbinsa, ana haska bakin sandar ana karɓar hasken da ya dawo. A kan sandar akwai murfi mai ƴar huda, an shafe shi da fentin da ba ya mayar da haske. Fentin ya ɗan ɓare, sai hasken ya dawo daga murfin maimakon bakin sandar. Gilashin ya zauna nesa da gurbinsa da milimita 1.3, har sai da aka cusa washa don cike giɓin. Daga nan aka yi ta goge madubin, ana gwadawa da wannan na'ura, ana sake gogewa, har ya dace da ita dacewa mai ban mamaki. An ƙera siffar da ba daidai ba cikin matuƙar ƙwarewa.

Abin da ya fi ciwo, kamar yadda kwamitin bincike ƙarƙashin Lew Allen ya gano a 1990, shi ne akwai wasu na'urorin gwaji biyu masu sauƙi da suka nuna cewa da matsala. Aka yi watsi da su, saboda an ɗauka babbar na'urar ta fi su ƙwarewa. Ta fi su ɗin kuwa, a fannin maimaituwa. Amma kuskuren yana da girman da na'ura mai sauƙi ma ta isa ta gan shi, kuma saɓanin da ke tsakaninsu shi ne ƙararrawar da ya kamata a saurara. Abin da ya ceci aikin shi ne irin abin da ya sa sikelinmu na farko ke gyaruwa: kuskuren tsayayye ne, an iya auna shi daidai. A Disambar 1993 ƴan sama jannati suka je suka sanya kayan gyara masu karkatar da haske daidai kishiyar kuskuren, hotuna suka washe.

An sake ganin irin haka a Satumbar 2011, lokacin da masu gwajin OPERA suka sanar cewa ƙwayoyin nutirino, wasu ƙwayoyi da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, da ake harbowa daga cibiyar CERN kusa da Janeba zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kusan kilomita 730, suna isowa da wuri da kimanin nanosakan 60 fiye da yadda haske zai iso. Nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Sun tara awo fiye da 15,000, shakkar da suka lissafa kimanin nanosakan 10 ce, don haka a takarda sakamakon ya yi ƙarfi ƙwarai. A Fabrairun 2012 aka gano cewa wayar faiba da ke kai saƙon GPS zuwa babban agogonsu ba ta ɗauru da kyau ba, tana jinkirta saƙon. Duk awon nan dubu goma sha biyar ta waya ɗaya suka bi. Shaidu dubu da suka ji labari daga bakin mutum ɗaya, a wurin alƙali shaida ɗaya ce. Masu gwajin sun cancanci yabo ta fuska guda, domin su da kansu suka nemi wasu su bincika, kuma wani gwaji mai zaman kansa a wuri guda, ICARUS, ya auna ya samu gudun bai wuce na haske ba.

To idan sai da abin waje ake gane karkata, shi abin wajen wa ya tantance shi? Amsar sarƙa ce. Dutsen awon mai duba sikeli an gwada shi da wanda ya fi shi a ɗakin gwaji, shi ma da na ƙasa, na ƙasa kuma da na duniya. Daga 1889 ƙarshen sarƙar nauyi wani curin ƙarfe ne na filatinam da iridiyam da ke ajiye a Sèvres kusa da Paris. Da aka riƙa kwatanta shi da kwafe-kwafensa, sai aka ga sun rabu da kimanin maikirogiram 50, wato kashi 50 cikin miliyan na giram, cikin kusan ƙarni guda, ba kuma yadda za a ce ga wanda ya canza, tunda shi ne ma'aunin kowa. Tun 20 ga Mayun 2019 aka ɗora ma'anar kilo a kan wata tsayayyiyar lamba ta kimiyyar lissafin halitta mai sunan Planck. A Najeriya, Sashen Awo da Ma'aunai na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ne ke da alhakin duba ma'aunan ciniki, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON kuma tana da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu.

Duwatsun awo aji-aji ne. Na kilo 1 ajin M1, irin wanda ake gwada sikelin ciniki da shi, an yarda ya kauce da miligiram 50. Ajin F1 na ɗakin gwaji miligiram 5 ne kawai. Ƙa'idar ita ce kuskuren abin gwaji kada ya wuce sulusin kuskuren da aka yarda wa abin da ake gwadawa. Buhun siminti ko ledar sukari da aka rubuta wa nauyi ba dutsen awo ba ne. Wani sikelin ne ya auna su, kuma ba ka san halinsa ba.

Ga yadda ake gwada sikeli gwajin da ya amsa sunansa. A kunna shi a bar shi ya ɗan ɗumama, a duba ƙwayar ruwan da ke nuna ko ya zauna daidai, a share ƙurar da ta taru ƙarƙashin faranti, musamman da hunturu. A mayar da shi sifili. A ɗora nauyi ɗaya a tsakiya sau biyar zuwa goma, ana saukewa gaba ɗaya kowane karo: wannan gwajin maimaituwa ne. Sannan a ɗora nauyin da ya kai kamar sulusin ƙarfin sikelin a kowace kusurwa huɗu. Idan wata kusurwa ta bambanta, ko dai ƙafa ce, ko ƙarfen da ke jin nauyi ya lanƙwashe, ko wani abu na tokare faranti. Daga nan a hau da nauyi mataki-mataki har kusa da iyakarsa, a sauko haka nan, ana rubuta kowane karatu.

Wannan hawa da sauka shi ke bayyana irin karkatar. Idan kilo 1 ya nuna 1.20, kilo 10 ya nuna 10.20, sifilin ne ya goce, gyaransa sauƙi. Idan kilo 1 ya nuna 1.02, kilo 10 ya nuna 10.20, ƙarin na girma da kaya, sai an saita shi da dutse. Idan ƙasa da sama sun yi daidai amma tsakiya ta kauce, ko karatun saukowa ya bambanta da na hawa, laifin na jikin ƙarfen ne ko sifirin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen da ke motsi da nauyi, da ya gaji, saiti ba zai warkar da shi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada da kilo 1 kawai a ce sikelin buhu lafiya lau. Kashi 2 cikin 100 na kilo 1 giram 20 ne, ƙasa da matakin da sikelin buhu ke iya nunawa. A gwada a nauyin da ake aiki da shi kullum.

Wani lokaci kuma ma'auni ba shi da laifi, kayan ne suka canza. Masara mai kilo 100 da danshinta ke kashi 18 cikin 100, idan ta bushe zuwa kashi 13, kimanin kilo 94 za ta koma. Rigingimu da yawa tsakanin mai sito da mai kaya daga nan suke tasowa, ana zargin sikeli a banza.

A gidan mai ma haka zancen yake. Famfo na iya tsayawa a kan lita 20.00 duk lokacin da aka cika jarka guda, wannan bai nuna komai ba sai maimaituwa. Jarkar roba kuwa tana kumbura, ba a ƙera ta don awo ba. Masu dubawa, irin jami'an NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan harkar man fetur, suna zuwa da gwangwanin ƙarfe tantantacce mai siririn wuya da gilashin karatu. Ana jiƙa shi da man tukuna a zubar, a ajiye shi a daidaitaccen wuri, a zuba da ƙarfi, a sake gwadawa a hankali, domin mitar da ta ci jiki tana iya yin daidai a gudu ɗaya ta kauce a wani. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yarda da kaucewar rabin kashi ɗaya cikin 100, wato mililita 100 sama ko ƙasa a lita 20. Fetur kuma yana buɗewa da kusan kashi 0.1 cikin 100 a kowane digiri na zafi, shi ya sa a cinikin tanka ake mayar da lissafi zuwa digiri 15.

Zafi na shiga awon tsawo ma. Tef ɗin ƙarfe ana saita shi ne a digiri 20. A ranar da ya kai digiri 40, tef mai mita 30 yana miƙewa da kusan milimita 7, sai ya riƙa nuna ƙasa da tsawon gaskiya, kuma haka zai yi ta nunawa ko sau nawa aka ja shi. Mai gwada ma'aunin zafi da tafasasshen ruwa shi ma ya kula: digiri 100 na bakin teku ne. A Jos, saboda tudu, ruwa na tafasa a wajen digiri 96. Dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa a kofi, a motsa sosai, ta fi zama abin dogaro, domin sifili take bayarwa a ko'ina.

Inda abin ya fi taɓa rai shi ne lafiya. Na'urar awon hawan jini za ta iya ba da karatu uku masu kama da juna alhali duk sun haura gaskiya, idan maɗaurin ya yi wa damtse kaɗan. Wani bincike na jami'ar Johns Hopkins da aka wallafa a 2023 ya samu cewa masu buƙatar maɗauri mafi girma, idan aka auna su da na gama-gari, lambar sama na ƙaruwa da kusan 20 a matsakaici. Wannan ya isa a ɗora mutum a kan magani ko a ƙara masa wanda yake sha. Hannun da aka bari yana reto ko aka ɗora a cinya, ba a tallafe shi daidai da zuciya ba, shi ma yana ƙara lamba. Ita kuwa na'urar awon sukari ta gida, ƙa'idar ISO 15197 ta 2013 ta nemi kashi 95 cikin 100 na karatunta su faɗa cikin kashi 15 cikin 100 na sakamakon ɗakin gwaji idan sukarin ya kai 100 ko fiye a ma'aunin mg/dL. Ma'ana, mai sukari 200 na iya ganin 182 yanzu, ya ga 205 a ɗaya yatsan, kuma na'urar ba ta saɓa ƙa'ida ba. Sake tsaga yatsa sau biyar ba zai faɗa masa ko tana karkata ba. Ya tafi da ita asibiti ranar da za a ɗebi jininsa, ya auna a lokaci guda, ya kwatanta da sakamakon ɗakin gwaji.

Saura yadda ake rubuta sakamako. Wanda ya rubuta "kilo 10.20" rabin magana ya yi. Cikakkiyar ita ce kilo 10.00, da shakkar giram 20 sama ko ƙasa, bayan an cire karkatar da aka gano, an gwada da dutse ajin kaza a rana kaza. Takardun tantancewa kan faɗaɗa shakkar ninki biyu, abin da ke nufin kusan kashi 95 cikin 100 na tabbaci. Ranar gwajin ma tana da muhimmanci, domin saiti ba ya dawwama: sifirin na gajiya, zafi na motsa sifili, sikelin da ya faɗo daga mota ya zama wani sikelin daban. Mai shago ya ajiye dutse ɗaya tantantacce a akwati, ba a taɓa shi da hannu mai maiƙo, ya ɗora shi kowace safiya kafin ciniki ya rubuta abin da ya gani a littafi. Idan lambobin suka fara tafiya gefe ɗaya kwana bayan kwana, ko da giram kaɗan kaɗan ne, lokacin kiran mai saiti ya yi.